Data mai rahusa: wa ke zaɓa maka shafin da za ka buɗe?

A watan Fabrairun 2016, hukumar kula da sadarwa ta Indiya, TRAI, ta hana kamfanonin waya sa wa data farashi daban-daban gwargwadon shafin da mutum zai shiga. Wannan hukunci ne ya kawo ƙarshen Free Basics a ƙasar, shirin Facebook da ke bari a buɗe wasu zaɓaɓɓun shafuka ba tare da biyan ko sisi ba.

To me zai sa hukuma ta hana talaka abin kyauta? Dalilin shi ne ƙa'idar rashin nuna bambanci a intanet, wadda ake kira neutralité du net da Faransanci. Ma'anarta, kamfanin da ke sayar maka da data kada ya toshe halastaccen shafi, kada ya rage masa gudu, kada kuma ya karɓi kuɗi ya fifita wani. Kamfanonin na cewa su ne suka kashe kuɗi wajen kafa turakun sadarwa, don haka a bar su su tsara kasuwarsu.

A Amurka an kafa ƙa'idar a 2015, aka soke ta a 2017, aka dawo da ita a 2024, sannan kotu ta sake rushe ta a Janairun 2025. A Tarayyar Turai kuwa doka ce tun 2015.

A wajenmu maganar tana cikin aljihu. Daga Garwa zuwa Kumasi, kowa ya san ƙunshin data na WhatsApp ko Facebook kaɗai, wanda ya fi cikakken data araha. Ga wanda 'yan'uwansa ke hayin iyaka, wannan rahusa ba abin rainawa ba ce, domin da ita ake gaisuwar mutuwa da barkar suna. Ba na ganin laifin mai saye.

Sai dai ka lura da abin da ke biyo baya. An turo maka kanun labari, ka danna don ka karanta cikakkensa, shafin ya ƙi buɗewa saboda ba ya cikin ƙunshin. Kanun kawai ka gani, shi za ka tura wa wasu. Ƙaramar jaridar Hausa ko ɗalibar da ta buɗe shafin sayar da atamfa kuwa, ba su da kuɗin da za su ƙulla yarjejeniya da kamfanin waya, sai masu cikakken data ne kaɗai za su iso gare su.