Amaterasu: ranar da sarakunan Japan ke kira kakarsu

A Hausa, rana mace ce, wata kuma namiji: "rana ta fito", "wata ya tsaya". Ɗalibin da ya shiga lakwal a Malanville ko Gaya sai ya tarar Faransanci ya juya lamarin, inda soleil yake namiji, lune kuma mace. Mutanen Japan sun yi daidai da Bahaushe a nan, sai dai su abin bai tsaya a nahawu ba. A addininsu na gargajiya, Shinto, rana abar bauta ce mai suna Amaterasu, kuma gidan sarautar ƙasar yana jingina asalinsa gare ta. Jan da'irar da ke tsakiyar tutar Japan rana ce, sunan ƙasar ma a harshensu, Nihon, yana nufin mafitar rana.

Shinto ba shi da annabi ko wanda ya kafa shi. Mabiyansa suna girmama abin da suke kira kami, ruhohin da suke ganin suna zaune a duwatsu, koguna, manyan itatuwa da kakanni. Wanda ya san labarin iskoki a bori, ko Harakoy Dikko da Zabarmawa da Dendawa ke dangantawa da kogin Kwara, zai gane fasalin. Cikin waɗannan kami, Amaterasu ce a gaba.

Labarinta yana cikin littattafai biyu da aka rubuta a fadar Japan: Kojiki a shekarar 712 da Nihon Shoki a 720. Kojiki ya ce wani kami mai suna Izanagi yana wanka a kogi, da ya wanke idon hagu sai Amaterasu ta fito, idon dama ya ba da Tsukuyomi na wata, hanci kuma ya ba da Susanoo na guguwa. Susanoo ya tashi da ɓarna. Ya farfasa kunyoyin gonakin shinkafar yayarsa, ya cike magudanan ruwa, ya kuma jefa gawar dokin da ya feɗe cikin ɗakin saƙarta. Manomin shinkafa a fadamar Malanville ya san girman wannan laifi ba sai an yi masa bayani ba.

Amaterasu ta yi fushi ta shige kogon dutse ta rufe ƙofa, duniya ta yi duhu. Sauran kami suka taru suna neman dabara. Suka kawo zakaru su yi cara, suka rataye madubi da duwatsun ado a jikin itace, wata mai suna Ame-no-Uzume ta hau kifaffen akushi tana rawa har taron ya ɓarke da dariya. Amaterasu ta leƙo ta ga me ake yi wa shewa alhali ba ta nan, ta hangi fuskarta a madubi, wani ƙaƙƙarfa ya jawo ta waje, aka gitta igiya a bakin kogon. Wannan ya yi kama da abin da yara suka saba yi a ƙasar Hausa in an yi husufin wata, su fita da gwangwanaye suna kaɗawa don rana ta saki wata, yayin da manya ke tsayawa sallar husufi.

Sashen labarin da ya shafi mulki shi ne na gaba. An ce Amaterasu ta aiko jikanta Ninigi duniya da madubi da takobi da dutsen ado, kuma daga zuriyarsa aka sami Jimmu, sarki na farko, wanda al'ada ta sa hawansa a shekara ta 660 kafin miladiyya. Masana tarihi ba su ɗauki wannan shekara a matsayin tabbas ba, kamar yadda suke taka-tsantsan da labarin Bayajida da rijiyar Kusugu a Daura. Amfanin labaran iri ɗaya ne: suna bayyana dalilin da ya sa wannan gida ke sarauta. Naruhito, wanda ya hau gado ranar 1 ga Mayu 2019, shi ne na 126 a wannan lissafi, kuma a watan Nuwamban shekarar ya yi bikin miƙa wa Amaterasu sabuwar shinkafa.

Babban wurin bautarta yana Ise, a jihar Mie, inda aka ce madubin yake ajiye, ba a nuna wa kowa. Ginin na katako ne da rufin ciyawa, kuma duk shekara 20 ana gina sabo a filin da ke gefe, a mayar da madubin can, a kwance tsohon. An fara haka a shekarar 690, an yi karo na 62 a 2013, ana shirin na gaba a 2033. Ta wannan hanya kafintoci ke miƙa wa na baya sana'ar hannu da hannu.

A rayuwar yau da kullum, yawancin Japanawa ba sa ɗaukar wannan a matsayin aƙidar da za a yi shahada a kanta. Addinin Buddha ya shigo ƙasar a ƙarni na 6, biyun suka zauna tare, har ya zama ruwan dare a kai jariri ɗakin bautar Shinto, a yi jana'izar kakansa a wurin malaman Buddha. Akwai ɗakunan bautar Shinto kusan dubu 80. Ranar farko ta sabuwar shekara mutane kan fita kallon fitowar rana, wasu gidaje kuma suna ajiye laya daga Ise a kan ɗan kanta.

An yi lokacin da labarin ya zama makami. Bayan juyin Meiji na 1868, hukuma ta ɗauki Shinto ta mai da shi ginshiƙin ƙasa, tsarin mulkin 1889 ya ce sarki mai tsarki ne da ba a taɓawa, aka riƙa koyar da asalinsa a makarantu kamar tarihi. A Koriya, wadda Japan ta mulka daga 1910 zuwa 1945, an buɗe babban ɗakin bauta a Seoul a 1925 da sunan Amaterasu da Sarki Meiji, daga baya aka tilasta wa ɗalibai zuwa su rusuna, aka rufe makarantun Kirista da suka ƙi. Da Japan ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar mamaya ƙarƙashin Amurka ta raba Shinto da gwamnati ranar 15 ga Disamba 1945. Ranar 1 ga Janairu 1946 Sarki Hirohito ya fitar da sanarwar cewa shi ba abin bauta ba ne, tsarin mulkin 1947 kuma ya tabbatar da 'yancin addini, ya hana kashe kuɗin hukuma a kan ƙungiyoyin addini.

Ga Bahaushen da ke zaune a Benin, Gana ko Kamaru, inda shi ne marar rinjaye, darasin Koriya ya fi kusa. Labarin asalin wata al'umma ba ya cutar da maƙwabci sai ranar da hukuma ta ce dole kowa ya rusuna masa. Tsarin mulkin Benin na 11 ga Disamba 1990 ya ce ƙasar ba ta da addinin hukuma, shi ya sa bikin Vodun na watan Janairu a Ouidah da hutun Sallah da na Kirsimeti suke cikin kalanda guda.

Japan kanta ba ta gama da Amaterasu ba. Dokar gadon sarauta ta 1947 ta ce namiji kaɗai ke hawa, duk da cewa mata takwas sun yi sarauta a tarihin ƙasar. Saboda haka Gimbiya Aiko, 'ya ɗaya tilo ga Naruhito, ba za ta gaji mahaifinta ba muddin dokar na nan, a gidan da ke cewa mace ce ta kafa shi.