Kada Lambar Mita Ta Ruɗe Ka Wajen Sayen Tsohuwar A-Kori-Kura

"Ranka ya daɗe, ai wannan ko tafiya ba ta fara ba. Wata tsohuwar Baturiya ce ke da ita, daga gida sai kasuwa." Duk wanda ya taɓa zagaya filin dillalan motoci ya ji irin wannan zance. Za a buɗe maka ƙofar a-kori-kura mai shekara goma sha biyar ko ashirin, a nuna maka mita tana cewa 48,000, fenti yana walƙiya, ciki yana ƙamshin turare. Kai kuma da ma buhunan masara kake son ɗauka daga gona, sai ka ji kamar ka tsinci dami a kala.

Motar da ta daɗe a duniya amma mitarta ta nuna 'yar gajeriyar tafiya, ɗayan biyu ne: ko mitar ƙarya take yi, ko kuma motar ta sha zama. Kowanne daga ciki yana da kuɗin da zai ci maka.

Mu fara da lissafi. A Amurka, inda yawancin tokumbo ke fitowa, mota kan yi mil 12,000 ko fiye a shekara. Mai shekara goma sha biyar ke nan ana sa ran ta doshi mil 180,000. Sannan mitar Amurka da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya ya fi kilomita ɗaya da rabi, wato kimanin 1.6. Idan ka ga 60,000 a fuskar Tacoma ko Ford, kilomita kusan 96,000 ke nan. Wani abin lura kuma, ba a sayar da sabuwar Hilux a Amurka. Tun 1995 Tacoma ce ta maye gurbinta a can. Dillalin da ya rantse maka cewa Hilux ɗinsa 'yar Amurka ce, sai ka ƙara buɗe ido kan sauran maganganunsa.

Juya mita kuwa ba wani aiki ba ne. Ta da mai allura akan kwance ta a mayar da lambobi baya da hannu. Ta zamani mai haske ma ta fi sauƙi, na'ura ake jona wa a ƙarƙashin sitiyari, kafin ka gama shan shayi an zabge kilomita dubu ɗari. Sai dai jikin mota ba ya iya ɓoye sirri. Ka sunkuya ka dubi robar birki da ta kuloci: idan ta suɗe har ƙarfe ya leƙo, ƙafa ta daɗe tana taka ta. Idan kuma sabuwa ce fil a tsohuwar mota, tambayi dalilin canza ta. Shafa sitiyari ka ji ko ya yi santsi, dubi gefen kujerar direba inda ake zamewa a fita, ka ga ko ya lotsa. Leƙa jikin ƙofa da ƙarƙashin bonet, sau da yawa akan manta da 'yar takardar da garejin can ya manna ranar juyen baƙin mai, da kwanan wata da lambar mita a kai. Lambar shasi kuma, wadda tun 1981 take da haruffa da lambobi 17, ana iya bincika tarihinta a shafin Carfax idan motar daga Amurka ko Kanada ta fito. Ka biya ka ciro rahoton da kanka. Kada ka karɓi wanda dillali ya bugo maka.

To, a ce mitar gaskiya ta faɗa. Nan ne mutane suka fi faɗawa rami, domin sun ɗauka mota kamar shadda ce da za a ninke a akwati a ciro ta sabuwa. Ƙarfe yana jure zama, roba ba ta jurewa, kuma mota cike take da roba: tiyon lagireto, tiyon birki, sil-sil na inji da na giya, bushin, fanbel. Baƙin mai da ke zagayawa shi ke sa sil ya yi laushi. Idan mota ta shekara a tsaye sai su bushe su tsattsage, ba za ka gani ba sai ka fara aiki da ita. Wani ƙanen mahaifina ya sayi irin wannan a gwanjon wata ma'aikata, ta shekara huɗu a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Makon farko har yana yi mana gori. A mako na uku, duk inda ya ajiye ta sai ka ga ɗigon mai kamar an yi fitsari, kuma da aka buɗe wajen iyakwandishan sheƙar ɓeraye aka tarar, sun ci wayoyi sun ƙoshi.

Man birki yana zuƙar laima daga iska, ya tsatsantar da cikin birki. Fetur da ya kwana watanni a tanki yakan yi danƙo ya toshe famfo da nozul. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bel ɗin tayimin. Injinan Hilux na gas irin su 5L da 2KD bel ɗin roba suke amfani da shi, kuma shekaru na cin sa ko motar ba ta motsa ba. Ranar da ya tsinke a kan hanya, fistin da bawul ne za su yi karo, sai sauke inji. Mai fetur 2.7, wato 2TR, sarƙa gare shi, wannan fargabar ba ta shafe shi ba.

Taya ma haka. Za ka ga zanenta raɗau kamar ba ta taɓa taka kwalta ba. Nemi rubutun DOT a gefenta, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2314 na nufin mako na 23 a 2014. Kamfanonin taya da kansu suna cewa wadda ta kai shekara goma a cire ta komai kyanta. Ɗora buhu ashirin a kan irin wannan, ka hau titin Kano zuwa Zariya da zafin watan Afrilu, ka san abin da kake nema.

Akwai kuma motar da mitarta ba ta tafiya amma injinta yana aiki: motocin ma'aikatu da na rakiya, waɗanda direba ke kunna wa sanyi ya kishingiɗa awa uku yana jiran oga. Mita juyawar tayoyi take ƙirgawa, ba ta san da wannan wahalar ba.

Sai tsatsa. A arewacin Amurka da Kanada gishiri ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara, shi kuwa gishiri shasi yake ci daga ciki. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 3.4 kan tsatsar shasin wasu motocinsa, ciki har da Tacoma ƙirar 2005 zuwa 2010. Ga kuma motocin ambaliya, kamar dubban da guguwar Harvey ta nutsar a Houston a 2017, waɗanda aka yi gwanjon wasunsu da ƙananan lambobi a mita. Ɗaga kafet ka shinshina, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin laka.

Saboda haka ka je da bakanikenka, wanda kai za ka biya, ba wanda ke jiran la'ada daga dillali ba. Ku je da sassafe, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake kafin a tayar, don ɗumama mota kafin mai saye ya iso tsohuwar dabara ce ta ɓoye hayaƙi da ƙara. A kai ta kan rami, a ƙwanƙwasa shasi da guduma, musamman inda sifirin na baya ya kama. Baƙin fentin da aka fesa kwanan nan a ƙarƙashi abin tambaya ne. A gwada lambar shasi da ta takardun kwastan harafi da harafi. Idan duk ta tsallake, kafin ka yi tayi ka ware kuɗin tayoyi huɗu, batir, bel ɗin tayimin, tiyoyi da juyen kowane mai da ke cikinta, ka cire su daga farashin da ya faɗa. In ya ce ba a hawa rami da motarsa, yi masa sallama ka leƙa fili na gaba.