Gani Fawehinmi: Lauyan da ya buɗe wa ƙananan jam'iyyu ƙofa

Ranar 1 ga Oktoba, 1994, harkokin siyasa suna haramce a ƙarƙashin Janar Sani Abacha, Cif Gani Fawehinmi ya shelanta kafa jam'iyyar NCP a Legas. Ba a jima ba aka kama shi.

Bayan dawowar mulkin farar hula, INEC ta ƙi yi wa jam'iyyar rajista. Sai ya koma fagen da ya fi ƙwarewa, wato kotu, tare da Alhaji Balarabe Musa na PRP. A Nuwamban 2002 Kotun Ƙoli ta soke yawancin sharuɗɗan hukumar, jam'iyyu suka kai 30.

Akwatin zaɓe kuwa bai yi masa kara ba: a takarar shugaban ƙasa ta 2003, ko kashi 1 cikin 100 bai samu ba.