Takardar da ake ba mutum bayan aikin ƙaba

A watan jiya na kai ziyara wani ajin yaƙi da jahilci a karkarar Gabi. Da aka tashi, sai wani dattijo daga cikin ɗalibai ya jawo ni gefe. Ya ciro takarda daga cikin hularsa, duk ta sha zufa. Ya ce an yi masa aikin ƙaba a Maraɗi, an ba shi wannan, ya duba ya ga baƙaƙen duk ya san su, amma maganar ta ƙi fita. Gaskiyarsa. Takardar da Faransanci aka rubuta ta. Muka zauna gindin bedi muka bi ta layi-layi, kuma abin da muka gani ya kamata kowa ya ji.

Ƙaba dai rauni ne a naman da ya rufe ciki. Idan wurin ya saki, sai hanji ya sami kafa ya leƙo ƙarƙashin fata, ya yi kumburi. Jiƙo ba ya rufe wannan kafa, ɗaure gugu ma ba ya rufe ta. Ga babban mutum, sai aiki. Likitan da ya yi aikin yakan rubuta abin da ya tarar da abin da ya yi. Sunan wannan rubutu compte rendu opératoire. Sau da yawa yana zama a asibiti, a ba mara lafiya takardar sallama ko a rubuta masa a karne. In ba a rubuta maka kome ba, ka roƙa cikin ladabi kafin ka fito. Cikinka aka buɗe, kana da hakkin sani.

Ba sai ka iya Faransanci ba. Kalmomi kaɗan za ka nema, kamar yadda kake neman akuyarka cikin garke.

Hernie ita ce ƙaba. In an sa inguinale, ta gefen mara ce, wadda ta fi kama maza. Ombilicale ta cibiya ce. Droite dama, gauche hagu. In kuwa ka ga hydrocèle, to ruwa ne ya taru a maraina, ba hanji ne ya sauko ba. Mu duka biyun gwaiwa muke ce musu, amma a wurin likita aikinsu daban ne.

Sai kuma yadda aka toshe kafar, kuma nan ne ya fi muhimmanci. Buhu in ya yage, ko dai a haɗa bakinsa a ɗinke, ko a sa masa maho. Haka aikin ƙaba yake. In ka ga Bassini ko Shouldice, ɗinki aka yi da naman jikinka. Bassini likita ne na ƙasar Italiya, wanda ya bayyana wannan dabara tun 1887, har yanzu ana aiki da ita. In ka ga plaque, ko prothèse, ko Lichtenstein, maho aka sa: wata ƴar raga mai kama da ƙyallen gidan sauro, nama ya bi ta cikin ƙofofinta ya riƙe ta. Ba a cire ta, tare za ku zauna. Dattijon namu raga aka sa masa, bai kuwa sani ba sai ranar.

Me ya sa sanin wannan ya zama dole? Domin ƙaba takan dawo, ko ta fito a ɗaya gefen. Likitan da zai duba ka bayan shekara 5 ko 10 ba lalle ne ya zama wanda ya yi aikin farko ba. Mutanen Gabi wani ya tafi Madarunfa, wani Maraɗi, wani ya ƙetara Jibiya ko Katsina. Tabo yana nuna inda aka tsaga, amma ba ya faɗin abin da ke ƙarƙashi. Takarda ita ke faɗi.

Akwai kalmomi biyu masu nauyi. Étranglée na nufin ƙabar ta shaƙe hanji, aikin gaggawa aka yi. Résection na nufin an yanke wani abu an cire, wani lokaci yankin hanji ne da ya mutu. Wanda ya ga waɗannan a takardarsa, ya faɗa wa duk likitan da zai duba cikinsa nan gaba.

A ƙasan takarda akan sa J da lamba. J10 kwana 10 ke nan bayan aiki. Ablation des fils cire zare ne, RDV kuwa ranar komowa. Kada a tsallake ranar don an ji sauƙi. In miki ya yi ja, yana ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya zo, a koma tun ranar ba ta yi ba.

Abin da ya fi damun dattijon shi ne gona. Tafiya a hankali tana da amfani tun kwanakin farko. Amma ɗaukar buhu, jan ruwa a rijiya, huɗa da faskare, likitoci sukan ce a dakata mako 4 zuwa 6, wani lokaci fiye. A ganina, mai ƙabar da ba ta matsa ba ya nemi aiki bayan an sa hatsi a rumbu, don ya warke kafin ruwan shuka. Wanda kuma kumburinsa ya yi tauri, yana ciwo, ya ƙi komawa, ga amai, ba bayan gida ba tusa, wannan ba ya jiran kaka, ba ya jiran safiya. A nemi mota nan take.

Dattijon ya kwafe kalmominsa huɗu a bayan littafin karatunsa: hernie, inguinale, gauche, plaque. Takardar kuwa ta bar hula. Ya sa ta cikin leda, ya haɗa da katinsa na ɗan ƙasa a gwangwani mai murfi, saboda gara.