Katin Hoto Na Hannu Ko Furosesa Mai Hoto A Ciki?

Matashin da ya tara 'yan kuɗinsa don ya harhaɗa kwamfutar gem, aljihun kuma ba nauyi, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya sayi furosesa mai ɗauke da sashen hoto a cikinsa, irin Ryzen 5 5600G na kamfanin AMD, ko ya ɗauki ƙaramin furosesa ya haɗa shi da katin hoto na hannu. Katin da ya cika kasuwa kuwa shi ne RX 580.

In maganar ƙarfi ake yi, babu gardama. RX 580 ya fito tun 2017, amma har yau mai gigabayit 8 yana jan GTA V da wasannin ƙwallo irin EA Sports FC a 1080p ba tare da hoto ya riƙa sarƙewa ba. Ya ninka sashen hoton 5600G fiye da sau biyu. Mai 5600G dole ya sauke ingancin hoto, wani lokacin har zuwa 720p, kafin wasa mai nauyi ya tafi sumul. Wannan shi ke jan hankalin yara, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai dai ya kamata a tambaya: ina katin nan ya kwana kafin ya iso hannunka? Dubbansu sun shafe shekaru dare da rana suna haƙar kuɗin Ethereum. Da aka daina haƙarsa da katin hoto a watan Satumba na 2022, sai aka juye su kasuwa, farashi ya faɗi. Wani yana da sauran rai, wani kuwa an tatse shi. Shi ya sa kada ka biya sai ka riƙe shi a hannu. Juya bayansa ka duba sukurorin, ko bakin sukundireba ya ci su. Kaɗa fankar da yatsa ka ji ko tana girgiɗi. Sa mai shago ya kunna maka shi na rabin awa da manhajar FurMark, ka ga ko zai zana layuka a allo ko ya mutu. Sannan ka buɗe manhajar GPU-Z: RX 580 na ainihi 2304 zai nuna a gurbin ƙwayoyin aikinsa. In ka ga 2048, wancan samfurin da aka yi wa kasuwar Sin ne, ƙarfinsa na RX 570 ne, suna kawai ya ara. Mai shagon da ya ƙi yarda a gwada, bar masa kayansa.

Inda hankalina ya fi karkata shi ne wuta. RX 580 shi kaɗai yana shan wat 185, kuma AMD ta ce a ba shi akwatin wuta na wat 500. 5600G kuwa, da furosesa da hoton gaba ɗaya, an tsara shi a kan wat 65. Ga wanda wuta ba ta yanke masa, wannan lissafi ne kawai a takarda. Ga mai ƙaramar inbata da batir ɗaya a Kano ko Maraɗi, shi ne ke yanke ko za a kai ƙarshen wasa ko batir zai fara kuka tun ba a je hutun rabin lokaci ba. Ƙara da zafin Afrilu, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Tsohon kati mai busasshen man sanyaya shi ne farkon wanda zai sare.

5600G ma yana da sharaɗinsa. Ba shi da ma'ajiyar hoto ta kansa, daga ram yake ɗiba, don haka sanda biyu za ka saka, gigabayit 8 kowacce, ba guda ɗaya mai 16 ba. Wanda ya saka ɗaya ya zubar da babban kaso na ƙarfin da ya biya.

Ni dai 5600G nake ba mutum shawara, muddin wutarsa ba tabbas. Ya fito a 2021, ƙwayoyinsa shida ne, sabo ne a kwali da garanti, kuma ba ya rufe ƙofa. Ranar da kuɗi suka samu, sai ka soka katin hoto a madabod ɗinka, furosesan ya ci gaba da aikinsa. Wanda ke da wuta tsayayya, kuma ya iya gwada kaya da idonsa, shi ne RX 580 zai yi wa rana.

Ko wanne ka ɗauka, kada ka yi rowa a akwatin wuta. Sayi mai sunan kamfani na wat 500 tun yanzu, ko da 5600G ba ya buƙatar rabinsa, don marar suna in ya ƙone yakan tafi da madabod, kuma mai sunan ne zai ɗauki katin da za ka ƙara daga baya.