Yadda na koya wa Uzebox kiɗa

Ranar da na fara sa wa Uzebox ɗina kiɗa, abin da ya fito daga talabijin ya fi kama da kukan tsohuwar ƙofar langa-langa. Laifin kuwa nawa ne.

Uzebox ɗan akwatin wasan bidiyo ne da wani mutumin Kanada, Alec Bourque, ya fitar a 2008, ya kuma saki zanensa kyauta domin duk wanda ya iya liƙa waya da dalma ya haɗa nasa. Ƙwaƙwalwarsa 'yar ƙwaya ce mai suna ATmega644, ma'ajiyarta kilobayit 64, wurin aikinta kilobayit 4 kacal. Hoto ɗaya na cikin wayarka ya ninka wannan sau da yawa, balle waƙar MP3 ta minti uku. Shi ya sa ake komawa ga MIDI.

Wanda ya riƙe wayar hannu a farkon shekarun 2000 ya sha jin MIDI, domin da shi aka yi yawancin kiɗan kiran wancan zamani. Babu sauti a cikin fayil ɗinsa, umarni ne zalla: danna maɓalli kaza na fiyano, da ƙarfi kaza, ka sake shi bayan lokaci kaza. Tsarin ya fito a 1983, kuma Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan ne suka ja gaba. Yana da layi 16, kowane layi tamkar makaɗi guda. A 1991 aka ƙara ƙa'idar General MIDI, wadda ta jera kayan kiɗa 128, ta kuma keɓe layi na 10 ga ganguna.

To, nan gizo ke saƙar. Uzebox bai san waɗannan kayan kiɗa ba ko ɗaya. Murya uku gare shi masu rera sauti, da ta huɗu mai shuuu irin na rediyon da ya ɓata tasha, wadda ake gutsuttsurawa ta zama ganga. Daga baya aka ƙara ta biyar mai kunna ɗan sautin da aka naɗa. Kowace murya kuma sauti ɗaya take iya furtawa a lokaci guda. Mai fiyano ya danna maɓalli uku tare, ya cinye muryoyin nan uku ke nan, babu sauran mai rera waƙar.

Ni ko na ɗauko fayil mai layi tara na tura wa midiconv, 'yar manhajar da ke mai da MIDI jerin lambobin da ake cusawa cikin shirin wasan. Ta yi abin da na sa ta. Rabin makaɗan sun ɓace, gangunan da na bari a layi na 10 ko tari ba su yi ba.

Kwana uku na yi ina yanka. Na bar amon waƙar a layi na 1, mai kauri a na 2, rakiya a na 3, na kwaso ganguna zuwa na 4. Yankan nan ya fi komai ciwo, don akwai wata sarewa da nake ƙauna wadda dole ta tafi. Sannan kowane kayan kiɗa sai ka gina shi da hannunka cikin lambobi: wane irin amo, yaya zai tashi, yaya zai dushe. A ganina nan ne daɗin yake, ko da yake matata ta ce duk ƙarar ɗaya ce a kunnenta.

Saura gudu. Akwatin yana leƙa umarnin kiɗa sau 60 a daƙiƙa, daidai da sauyin hoton talabijin, don haka duk bugun da ya faɗo tsakani sai an matsar da shi. Waƙata ta riƙa ɗingishi har sai da na rage mata gudu kaɗan. Yanzu tana zagayawa lafiya lau, sarewar ce dai har yau nake jin gurbinta a baiti na biyu.