AKAWU DA KWAMFUTA: A KULA DA KWAFI DA BAƘAƘE MASU LANƘWASA

Kwanan baya na kai rangadi makarantun ƙasar Bugaje, cikin Ƙaramar Hukumar Jibiya. A wata makaranta aka miƙo mini takardar da za a aika wa iyaye, na duba sai na ga an rubuta wai wani uba ya kawo kara. Na ce, "Malam, karan dawa ne ko na gero?" Ashe ƙara ake nufi. Da na karanta zuwa ƙasa kuma, sai ga sunan wani yaro daban, wanda ya biyo rubutun da aka kwafo daga tsohuwar wasiƙa. Laifi biyu ke nan a takarda guda, kowanne kuwa yana iya haɗa malami da iyaye faɗa.

A zamanin En'e akawu yakan buga wasiƙa da tafireta, ya sa takardar kabon, sa'an nan ya bi da alƙalami yana yi wa baƙaƙe lanƙwasa. Yanzu aikin ya yi sauƙi. Dabarar yanke rubutu da kwafe shi da manna shi, Larry Tesler da Tim Mott ne suka shigo da ita a kamfanin Xerox na Amurka wajen 1973 zuwa 1976. Ctrl da C kwafi ne, Ctrl da X yankewa, Ctrl da V mannawa.

Amma fa a gane, wurin da kwamfuta ke ajiye abin da aka kwafa kamar allon almajiri yake. In an zo da sabon rubutu, sai a wanke na da. Tun 2018 Windows ta yi wa wannan magani. Wanda ya danna maɓallin Windows tare da V, ya kunna ma'ajiyar, zai riƙa ganin abubuwa har 25 da ya kwafa, ya zaɓi wanda ya ke so. Gaisuwar wasiƙa da adireshin ofis ana iya kafe su don kada su goge. Sai dai in mutane da yawa ke aiki da kwamfuta ɗaya, wajibi ne a share ma'ajiyar kafin a tashi, domin makin jarrabawa da kalmar sirri ba abin bar wa na baya ba ne.

To, sai batun ɓ, ɗ da ƙ. Masu aiki da Microsoft Word su rubuta 0253, su danna Alt da X, sai ɓ ta fito. Ta ɗ 0257 ce, ta ƙ kuwa 0199. Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne mutum ya shiga wurin alamomi, ya zaɓi baƙin, ya ɗaura masa maɓallin da ya ga dama, kamar Alt da K. Kada a taɓa Ctrl da B, gama shi ke kaurara rubutu, Word kuwa takan nuna in maɓalli yana da aiki tun da fari. Ya kamata kowane ofis ya tsai da tsari ɗaya, a rubuta a manna a bango.

Mu mutanen bakin iyaka muna da ƙarin abin lura guda biyu. Na farko, abin da mu ke rubutawa 'ya'ya, 'yan'uwanmu na Nijar ƴaƴa su ke rubutawa, lambar baƙin kuwa 01B4 ce. In aka kwafo takarda daga Ɗan Isa ko Maraɗi, sai a danna Ctrl da H a musanya, amma a bi ɗaya ɗaya. Na biyu, maɓallan da aka tsara don Faransanci ba su zauna kamar namu ba: Z ta koma wurin W, A ta koma wurin Q. Akawun da hannunsa ya saba da Ctrl da Z don warware kuskure, in ya danna ba dubawa, Ctrl da W zai samu, wato rufe takardar.

Saboda haka, malamai da akawuna, kowa ya karanta abin da ya manna tun daga sama har ƙasa kafin ya kai a sa hannu. Kwamfuta ba ta san bambancin baki da baƙi ba, kuma in takarda ta fita da kuskure, ba ita Hakimi zai kira ba. Allah ya sa mu gyara.